Sawun Jar Gwaiduwa

Ranar da Madam Sakinatu ta fasa ƙwai cikin kwaɓin kek ɗin biki, wari ya kori ma'aikatanta har bakin titin Arras da ke unguwar Treichville a Abidjan, ranar ce 'yan ƙungiyar masu kiwon kaji suka tuna cewa dama can ba su yarda da Zinariya ba. Kafin nan dai babu wanda ya taɓa jin sun faɗa. Amma kafin la'asar kowa ya zama mai hangen nesa. Wannan ta ce ta lura da sabon mayafinta, wancan ya ce shirunta ya yi yawa, wata kuma ta ce mace mai 'yan kaji ƙalilan ba ta cika kiret haka kullum sai da wata a ƙasa.

Ga yadda ƙungiyar take. Masu ƙananan gonakin kaji ne a kan hanyar Anyama, waɗanda babu ɗayansu da zai iya riƙe babban mai saye shi kaɗai, suka haɗa kai. Kowa ya tsince ƙwansa, ya share, ya ware manya da ƙanana, ya jera a kiret, ya ɗaura wa kiret ɗin zare mai launin gidansa. Motar ƙungiya ta kwaso zuwa sito a Adjamé Saint-Michel, daga nan a rarraba wa gidajen burodi da otal-otal da masu kek. Ƙungiya ke neman ciniki, ita ke tsayar da farashi, ita kuma ke jin kunya in kaya ya ɓaci. Dokoki biyu ne ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansu: ba ka sayar da ƙwanka a bayan fage, ba ka kuma cusa ƙwan waje a kiret ɗinka.

To, kiret ɗin da ya yi wari jan zare ne a jikinsa, jan zare kuwa na Zinariya ne. Shugaban ƙungiya, Alhaji Abduljalil, mutum mai murya kamar yana kiran wani a tsallaken ruwa, bai tsaya wata-wata ba. Ya sa almakashi ya yanke jan zaren daga duk kiret ɗin da ke sito, ya ce taron Lahadi zai sallame ta. Zinariya mijinta ya rasu, kajin nan su ne cinta da shanta da makarantar 'ya'yanta. In aka cire ta, sai dai ta ɗora tire a ka ta bi kasuwa da sunan maha'inciya, kuma a Adjamé labari ya fi mai talla sauri.

A nan ne Malam Idris Mai-sawu ya shigo maganar, ba don an gayyace shi ba. A ƙuruciyarsa shi ake kira in an saci shanu a karar Port-Bouët, ya bi kofato har ya kamo ɓarawo yana hura wuta. Yanzu ya tsufa, aikinsa zama a ƙofar masallaci yana ba da labarin waɗancan shanu, waɗanda yawansu ke ƙaruwa duk shekara. Marigayi mijin Zinariya amininsa ne, shi ya ba shi tabarma da wurin kwana ranar da ya fara sauka a Abidjan. Don haka da ya ji labari ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ɗauki sandarsa ya je ya ce wa Alhaji a ba shi zuwa Lahadi.

Alhaji ya ce, "Malam, ƙwai ba shi da kofato."

Malam Idris ya ce, "Amma ba ya tashi sama, Alhaji. Ɗaukarsa ake yi."

*

Ya fara da Treichville. Tasin haɗaka da ake kira woro-woro ta sauke shi a Arras, ya tarar da Madam Sakinatu har yanzu tana fesa turare a shagonta. Haifaffiyar Abidjan ce, Hausarta sai ta jingina da Faransanci take tsayuwa.

"Tonton, c'est pas possible," in ji ta, wato kawu, wannan ba zai yiwu ba. "Ni da bakina na ce wa koferatif ɗin masu kaji ba na son na kowa sai na jan zare. Gwaiduwarsa ja ce kamar manja, kek ya fito da kala ba sai na ƙara komai ba. Yanzu duba mini wannan."

Ta fasa ɗaya daga cikin waɗanda ba su gama lalacewa ba. Gwaiduwar ta baje a faranti, fara sol, kamar wanda ya tashi daga jinya. Ta ce ba yau aka fara ba, ta kwana biyu tana ganin kalar tana raguwa, ta yi shiru don mutunci, amma in ba a gaya mata gaskiya ba za ta koma wajen wani dillali, ƙungiya ta nemi wata.

Malam Idris ya ɗauki ƙwai guda ya jujjuya shi a haske. Ɓawonsa tas, sumul, babu ɗigon komai, har ya yaba a ransa ya ce ko ba komai ɓarawon nan mai tsafta ne. Ya naɗe ƙwan a hankici, ya cusa a aljihun gaban rigarsa, don shi a ƙa'idarsa ba ya barin wurin ɓarna hannu rabbana.

*

A sito ya sami Sa'ad, ƙanin matar Alhaji. Daga Kano ya zo, da can yana da shagon tangaran da kofunan gilashi a kasuwar Adjamé, karyewar darajar sefa ta rufe masa shi, Alhaji ya ba shi riƙon sito bai fi 'yan watanni ba. Aikinsa ya karɓi kaya shiryayye, ya kwana da shi, da safe ya ɗora a mota. Mutum ne mai ladabi da ƙamshi. Ya shimfiɗa wa Malam Idris darduma, ya zuba masa shayi a wani kofin gilashi da ya sha guga har mutum na ganin gemunsa a jiki.

Sa'ad ya nuna tausayin Zinariya sosai. Ya ce talauci ne ke sa na kirki ya yi abin kunya, wataƙila ta sayar da nagarin a waje ta cike gurbi da na kasuwa. Sai kuma ya rage murya ya ce shi dai ba ya son sa baki, amma direban ƙungiya, Lukumanu, yakan ɗauki lokacin zuwa can garin Bassam kafin ya kai kaya Treichville, alhali gada ɗaya ce zai tsallaka.

Malam Idris ya fito yana cewa a ransa, yaron nan akwai hankali.

*

Da ya zauna ya yi tunani, sai ya ga ai lissafin shanu ne. Saniyar sata ba ta ɓacewa, tana ƙarewa ne a tukunyar wani. In an ɗebe ƙwan Zinariya an zuba wani, to nata na can yana shiga bakin mutane. Kwalta ba ta riƙe sawu, amma jar gwaiduwa ai sawu ce.

Nan ya shiga aikin da har gobe ake ba da labarinsa. Duk teburin mai shayi da ke Adjamé, irin waɗanda mutanen gari ke kira aboki, sai da ya zauna ya ce a soya masa wainar ƙwai, ya tsaya a kan mai suya yana leƙen gwaiduwa. Da farko abin ya yi masa daɗi, har yana cewa a ƙara albasa. Da aka kwana biyu sai ya fara cewa a rage mai. Daga baya ko ƙarar cokali a kofi ya ji, sai ya yamutsa fuska. Kuma ba ya iya barin wainar, don yana ganin zubar da abinci alhaki ne. Matarsa Murja ta daina sa masa tuwo, ta ce tunda ya koma kaza sai ta nemo masa dusa.

A mahaɗar Indénié, inda motoci ke cakuɗewa kamar an zubar da tsaba, ya ga wani tebur da layi ya fi na kowa. Mai teburin, Fatihu, ya fasa ƙwai a kofi, sai ga gwaiduwa jawur ta faɗo a dunƙule. Malam Idris ya ji abin da yake ji da can in ya hango kofato a laka. Ya tambayi Fatihu inda yake samu. Fatihu ya ce masu amalanke ke kawo masa, yau wannan gobe wancan, a kwali ba a kiret ba, kuma da arha, shi kuwa bai ga dalilin yi wa arha tambaya ba.

Ana cikin haka sai ga motar ƙungiya ta faka, Lukumanu ya diro yana murza hannu. Malam Idris ya saƙale masa wuyan riga da kan sanda.

"Yau ka shigo hannu. Me ke tsayar da kai a nan kullum?"

"Baba, wallahi wainar nan ce ta kama ni," in ji Lukumanu. "Duk Abidjan babu irinta. Kar ka gaya wa Alhaji."

Fatihu ya rantse cewa yaron nan yunwa kawai yake kawowa, bai taɓa sauke ko ɓawo ba. Igiyar kayan ma tana nan a ɗaure yadda ta baro sito, kuma masu amalanken tun kafin motar ta fito suke zuwa. Da aka gaya wa Lukumanu ƙwan wa yake ci duk kwanakin nan, sai lomar ta tsaya masa a wuya, sai da aka bubbuga masa baya.

Mutane suka yi ta dariya, amma Malam Idris bai yi ba. Ya wanke Lukumanu, ya kuma tabbatar da abin da bai so ba: ƙwan Zinariya ana sayar da shi a bayan fage, daidai yadda masu zarginta ke faɗa. Ya tashi yana tsoron kada sawun da ya biyo ya kai shi ƙofar amininsa.

*

Ran Asabar ya hau ƙaramar bas ɗin da ake kira gbaka zuwa hanyar Anyama. Ya tarar da Zinariya a cikin akurki da kwando a hannu, ta rame, amma ta tare shi da fara'a ta kawo ruwa. Ta nuna masa sirrin gwaiduwar ba tare da ya tambaya ba: jar masara, ganyen zogale da take shanyawa a inuwa, da ɗan garin tattasai. Ta ce tun da aka tsayar da kayanta ƙwai ke taruwa, kaji kuwa ba su san an yi taro ba, yi kawai suke.

Malam Idris ya yi ta kewaye-kewaye. Ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi tsadar dusa, sannan ya ce ko akwai wani mai amalanke da ke zuwa nan wani lokaci. Zinariya ta ajiye kwandon ta dube shi.

"Har da kai, Malam?"

Iyakar abin da ta ce ke nan, amma da ta mare shi da ya fi sauƙi. Kunya ta rufe shi. Ya rasa inda zai sa idonsa, ya rasa abin da zai yi da hannunsa, sai ya ɗauki wani ƙwai da kashin kaza ya ɓata, ya jawo butar alwala wai zai taya ta aiki. Bai kai ga tsiyaya ruwan ba ya ji ta buge masa hannu.

"Kai, Malam! Wa ya ce maka ana wanke ƙwai?"

Ya tsaya sororo da buta a hannu. Ta ce ai ƙwai da rigarsa kaza ke saka shi, wata 'yar rufa ce da ido ba ya gani, ita ke hana ƙazanta shiga. Ka sa masa ruwa ka cire ta, ruwan ya ja dattin ciki, a zafin Abidjan kwana kaɗan ya zama baragurbi. Ta karɓi ƙwan, ta kankare da farce, ta goge da busasshen tsumma. Ya tambaye ta ko kowa a ƙungiya ya san haka. Ta ce ko ɗan da aka yaye a gidan kaji ya sani, wannan ai ba abin da ake gaya wa mutum ba ne.

Malam Idris ya zaro hankicinsa a hankali, ya kwance, ya ajiye ƙwan Madam Sakinatu kusa da nata. Nata da ɗan dishi-dishi da tabon farce. Wancan kuwa tas, kamar farantin amarya. Ya kai hanci nesa-nesa, a bayan warin ya jiyo ƙamshin sabulu.

Sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce mata ɓarawon nan jahili ne irinsa, kuma jahilai irinsu ba su da yawa a ƙungiyar. Ya naɗe ƙwan Madam ya mayar aljihu, ya roƙi Zinariya gafara, ya roƙi kuma ta tara masa duk ƙwan da ya ɓaci da kashi, kada ta share ko ɗaya.

*

Lahadi da hantsi sito ya cika. Masu kaji maza da mata sun zauna a kan benci, Madam Sakinatu ta zo da jakarta a cinya, Lukumanu ya raɓe a bakin ƙofa, Sa'ad yana ta rarraba shayi. Zinariya ta zauna can gefe ita kaɗai, bencinta kamar an yi masa shinge. Alhaji ya gyara murya ya ce a ji abin da mai bin sawu ya samo, in ya samo.

Malam Idris ya ce zai faɗa, amma da ɗan roƙo tukuna. Ya buɗe kwando. Ya ce sadaka ce zai kai gidan liman, ga shi duk sun ɓaci, idonsa kuma ya yi rauni, a taimaka masa a tsaftace kafin a fara. Ya bi layi yana danƙa wa kowa guda biyu uku.

Mutane suka yi gunaguni, amma hannu ya riga ya saba. Alhaji ya sa farcen babban yatsa yana kankara yana mita. Wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta tana gogawa. Lukumanu, wanda a gonar kajin ubansa ya tashi, ya zaro busasshen tsumman mota daga aljihu. Ba wanda ya ko dubi randar da ke kusurwa.

Sa'ad ya dube su da tausayi. Ya ce, "Haba jama'a, wannan wahala har yaushe? Baba Malam, bari ka gani."

Ya zagaya bayan tarin kiret, ya fito da roba cike da ruwa, da soso, da guntun sabulun kabakuru da ya sha aiki har ya lotsa a tsakiya. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma ƙwai, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya ɗaga shi sama yana juyawa yadda yake nuna wa mata kofi a shagonsa na da.

"Kun gani? Kamar yau aka saka shi."

Farcen Alhaji ya tsaya a kan ƙwansa. Tsohuwar nan ta dafe ƙirji. Sa'ad ya duba hagu ya duba dama yana murmushi, yana jiran yabo, har murmushin ya gaji ya sauka.

Malam Idris ya ce, "Ɗana, wannan soson bai yi kama da wanda aka saya jiya ba."

Sannan ya warware musu zance daki-daki. Kayan jan zare in sun kwana a sito, a kwashe su a kwali a ba masu amalanke su kai Indénié. A sayo kwantan ƙwai mai arha a kasuwa, wanda ya yi datti ba mai so, a yi masa wanka, a jera a kiret ɗin Zinariya. Ya ce da mai kaji ne ya yi wannan aiki da an daɗe ba a gane ba, don da busasshen tsumma zai goge, ƙwan ya ɗan ƙara kwana. Amma mai tangaran bai san wata hanyar gyara kaya ba sai ruwa da sabulu, kuma ba wanda ya gaya masa, don kowa ya ɗauka kowa ya sani. Ya ƙara da cewa shi ma jiya saura kaɗan ya yi, har yanzu hannunsa na zafi.

Da Lukumanu ya ce zai je ya ɗauko Fatihu da masu amalanke, sai Sa'ad ya zauna a ƙasa kusa da robarsa ya ce sharrin shaiɗan ne. Madam Sakinatu ta ce shaiɗan ɗin nan yana da tsafta de.

Alhaji Abduljalil ya karɓi makullin sito daga hannun surukinsa, ya ce sauran maganar a gida za a yi ta, kuma duk asarar da aka jawo shi zai ɗauka. Daga nan muryar nan tasa ta yi ƙasa, abin da ba a taɓa ji ba. Ya laluba aljihu ya fito da guntayen jan zaren da ya yanke, ashe bai zubar ba. Ya ɗauko kiret, ya tsuguna a gaban Zinariya duk da girmansa, ya ɗaura zaren da yatsunsa masu kauri, sai da ya gwada sau da yawa kafin ƙullin ya kama.

"Hajiya, mun zalunce ki. Ni na fara, ki fara yafe mini."

Zinariya ta miƙa hannu. Ta karɓi kiret ɗin ta rungume, hawaye na zuba a kan zaren. Matan da suka lura da sabon mayafinta suka matso bencinta ɗaya bayan ɗaya, kowace na cewa dama ita zuciyarta ba ta taɓa yarda ba.

Alhaji ya miƙe, farin ciki da kunya sun haɗu sun rasa mafita, ya buɗe hannuwa ya nufi Malam Idris. Malam Idris ya tuna abin da ke aljihun gabansa, ya ɗaga hannu zai yi magana, amma Alhaji ba mutum ne da ake tsayarwa ba. Ya rungume shi ƙam. Aka ji fus.

Ƙwan Madam Sakinatu, wanda ya yi kusan mako yana zaga Abidjan a cikin zafi, ya bayyana kansa. Alhaji ne ya fara kaiwa ƙofa, Lukumanu ya bi ta taga, Madam Sakinatu ta fita tana salati da Faransanci a haɗe. Kafin ka ce me, sito ya zama wayam, sai Malam Idris tsaye da rigarsa ta Juma'a tana ɗiga.

Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba. Zinariya ta toshe hanci da mayafi, kafaɗunta na rawa, hawayen ɗazu bai bushe ba ga na dariya ya biyo. Rabon da a ji dariyarta tun kafin rasuwar mijinta. Ta jawo robar Sa'ad da ƙafa har gaban Malam Idris, ta miƙa masa soso da sabulun.

"Ungo, Malam," in ji ta. "Wannan kam a wanke shi."